Tutocin Jamhuriyar Tsallaken Kwalbati

Ba zan taɓa mantawa da ranar da dattijo ya cire takalmi a ƙofar shagona ba. Amma kafin in kai can, bari in gyara maganar da ake yawo da ita a Bodinga. Wasu sun ce 'yan siyasa ne suka sa ni, wasu sun ce so nake in yaudari masu ba da tallafi. Duk ƙarya ne. Haushi ne ya sa ni, da rashin aikin yi, da bakin nan nawa da Inna ta gaji da yi wa addu'a.

Unguwarmu tana bayan wani karyayyen kwalbati. Da rani harawar maƙwabcinmu ta kama wuta, muka yi ta ɗibar ruwa da bokitai har ta cinye ta mutu don kanta. Babu wanda ya zo. Washegari ina kan keken ɗinki na ce tunda ba kowa gare mu ba, mu ma ƙasa ce mai zaman kanta. Na raɗa mata suna Jamhuriyar Tsallaken Kwalbati, na tattara ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin Sallah na ɗinka wa hukumominta tutoci. Ta 'yan kwana-kwana ja ce, da bokiti mai huji a tsakiya. Ta ceton ambaliya shuɗiya, da silifa ƙafa ɗaya tana iyo. Ta motar asibiti fara, da baro a kwance, na kuma ɗora mata alamar asibiti don ta yi kama da gaske (ni dai ko shirme zan yi sai na yi shi da kyau).

Na kafa su a kan gora a gaban shago, na ɗauki hoto, na tura wa 'yan ajinmu na sakandare da dogon rubutu na shaƙiyanci a ƙasa. Sun yi dariya kwana biyu. Abin da ban lissafa ba shi ne hoto yana tafiya ya bar rubutu a baya. Kuma a wajenmu, ƙofar da aka kafa wa tuta ofis ce. Wani, har yau ban san ko wane ne ba, ya haɗa hoton da saƙon murya cewa an buɗe ofishin agajin gaggawa a Bodinga, mota tana zuwa har gida ta ɗauki marar lafiya.

Ranar wata Laraba bayan azahar, shago cike da mata masu jiran ɗinki, sai ɗan kabu-kabu ya sauke wani dattijo mai farin gemu. Ya ɗaga kai ya dubi tutocin ɗaya bayan ɗaya, ya cire takalmi, ya russuna, ga ni sa'ar 'yarsa.

"Hajiya, ke ta shugabar ofis?"

Na ɗauka 'yan ajinmu ne suka turo shi ya ja ni. Na miƙe na ƙame kamar soja, tef a wuya, na sara masa.

"Ni ce, Baba! Sai dai motarmu ta tafi kiwo, sai ta ƙoshi za ta dawo."

Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da tafi. Shi bai yi ba. Ya jira muka gama, sannan ya ce a hankali:

"To yaushe za ta komo, Hajiya? Maciji ya sari ɗiyata a gona tun da hantsi. Mun baro ta gida, can gaba da Kajiji."

Ɗan kabu-kabun ne ya ƙarasa mini. Mutanen gari sun so a ɗora ta a babur a kai ta asibiti a Shagari. Baba ya hana, ya ce kada a wahalar da ita, ga mota an kawo wa talakawa. Shi da Baba suka wuce Shagari a kan babur suka zo wurina.

Hannuna yana nan a goshi, na manta ban sauke ba. Inna ce ta leƙo daga cikin gida, ta dube ni, ta ce, "Kin ga abin da nike hwaɗa miki?" Ta zari mayafi ta nufi gidan Kawu Sani, ƙanenta mai tsohuwar motar ɗaukar kaya. Ni kuma na durƙusa na ce, "Baba, babu ofis. Babu mota. Ni tela ce, wasa nika yi."

Ya sake duban farar tutar, ya ce, "Wasa." Shi ke nan. Ya mayar da takalminsa.

Na shiga motar Kawu ba tare da an gayyace ni ba. Mun tarar da 'yar Baba a kan tabarma, ƙafar ta kumbura har gwiwa, ga jaririya a gefe tana kuka. Sunanta Hajo, kuma ba ta girme ni ba. A asibiti ma'aikaciyar ta duba ƙafar ta ɗaga murya: "Mi ya sa kunka daɗe haka?" Na buɗe baki zan amsa, Baba ya riga ni.

"Hanya ce, Malama."

Ko kallona bai yi ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Hajo ta rayu, alhamdu lillahi, amma ta daɗe a kwance, kuma har yanzu tana jan ƙafar. Ni da nake ganin na fi kowa wayo, na gane cewa wanda ba a taɓa zuwa cetonsa ba, ko baro ka zana masa zai gaskata, don yana bukatar ya zama gaskiya.

Saƙon muryar nan yana ci gaba da yawo a wayoyin mutane. Don haka na ɗauki nawa, da muryata da sunan mahaifina, na ce ni ce maƙaryaciyar, duk wanda maciji ya sara a wuce da shi asibiti mafi kusa. Ranar kasuwar Kajiji mai zuwa zan bi Kawu, in bi rumfa rumfa ina kunna shi. Inna ta ce za a yi mini dariya. Na ce a yi, ai na iya tsayuwa a gaban jama'a.