Makullin Guntuwa a Hannun Sanƙo

"Lafiya lau muka wuni, har zuwa lokacin da ka shigo da wannan kan naka ya kashe mana ido."

"To madalla. Ina Shugabar take ne? Muryarta nake ji, amma teburi kawai nake gani."

Gaisuwar Shugabarmu da Sanƙo ke nan. Ni kuwa ina tsaye bakin taga da takardun yara arba'in da shida a hannu, agogon bango ya nuna biyu da kwata. Ƙarfe huɗu daidai shafin hukumar jarrabawa zai rufe rajista, duk yaron da sunansa bai shiga ba kuma sai baɗi. A ce a irin wannan rana mutum biyu da furfura su tsaya wasa, ai abin haushi ne, kuma na ji haushin.

Shugabar makarantarmu ita ce Guntuwa, amma a bakinsa kaɗai, mu ba mu isa ba. Ni ce mataimakiyarta, shekara bakwai ofis ɗaya muke zama. Shi kuma mai gyaran kwamfuta ne, shagonsa na bayan tashar mota. Sanƙo take ce masa tun yana da gashinsa cif, shi ya sa har yau yake cewa bakinta ne ya kama shi. Mahaifinta da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Ita 'yar namiji ce, don haka a wurinta shi bawan gidansu ne, shi kuma tun yana ɗan gajeren wando yake musun wannan magana.

Abin da ya faru kuwa ni na jawo shi, ba zan ɓoye ba. Wata takwas kwamfutar ofis tana fito da wani ɗan akwati tana roƙon a sabunta ta, wata takwas Shugaba tana danna "sai an jima". Jiya ne hotunan yara suka kammalu, da za mu tashi na ce babban aiki na gabanmu gobe, bari a yi wa na'urar nan wanka. Na danna "to". Da safe muka tarar da ita fes, launi sabo, komai sabo, amma ta manta da mu. A da, da ka buɗe shafin hukumar, ita da kanta take cike kalmar sirri, har mu muka daina riƙe ta a ka. Yau sai ta ce wai akwai wata ma'ajiya da ta adana duk kalmomin a ciki, a kawo makullin ma'ajiyar. Mu ko labarin ma'ajiya ba mu taɓa ji ba. Muka nemi shafin ya aiko mana da sabuwar kalma, ya aika ta imel ɗin makaranta, shi kuma imel ɗin tasa kalmar tana cikin wannan ma'ajiya. Lambar wayar da ke jikin rajistar kuwa tsohon layin Shugaba ne da ya ɓata tare da wayar tun shekara uku. Muka yi ta danne-danne har azahar kafin ta haɗiye girman kanta ta kira shi.

Ya ajiye jakarsa, ya zagaya ya zauna a kujerarta ba tare da an ce masa bismilla ba. Ta ce tun yaushe bawa ya fara hawa kujerar uwar ɗakinsa. Ya ce ta bar kujerar ta ji daɗi, tun da aka saye ta yau ne ta fara ganin ƙafar da ta kai ƙasa. Na ce don Allah su dubi agogo. Duk suka juyo suka kalle ni kamar ni ce na kawo rashin hankali.

Amma aikinsa ya iya, wannan kam ba a musu. Minti uku bai cika ba ya gano bakin zaren. Ya ce ranar da ya haɗa mata na'urar, shi ne ya sa wa ma'ajiyar makulli, ya kuma ɗaure ta yadda za ta riƙa buɗe kanta duk lokacin da aka kunna. Sabuntawar jiya ce ta kwance wannan ɗaurin. Hanya biyu ce yanzu. Ko a share ma'ajiyar a yi sabuwa, duk abin da ke ciki ya tafi, ko kuma a sa tsohon makullin sau ɗaya tak, komai ya dawo yadda yake.

"To sa mana," in ji ta.

"Tunanin da nake yi ke nan."

"Tunanin me?"

"Tunanin me na sa."

Ta zare tabarau a hankali ta ajiye. Ni kuwa na nemi benci na zauna.

Ya ce kada mu tada hankalinmu, shi yana da tsarinsa. Ba ya rubuta makullin kowa a takarda, don amana ce. Abin da yake yi, yakan kalli mai na'ura, abin da ya fara zuwa masa a rai game da mutumin shi yake sawa, ta yadda ko bayan shekara goma, da ya ga fuskar zai tuna. Tsarin bai taɓa ba shi kunya ba. Matsalar Guntuwa ita ce, in ya kalle ta abubuwa ne suke zuwa masa rututu, bai san wanne zai ɗauka ba.

Ya fara da Guntuwa. Akwatin ya girgiza, ya ƙi. Ya gwada Gajera, ya gwada Marowaciya. Ta ce rowar me ta taɓa yi masa, shi da ya girma da cin abincin gidansu har mahaifiyarta ta ware masa kwano. Ya ce kwanon da aka ware masa ai murfin kwano ne. Ya sa Ƙafar Agwagwa, ya sa Uwar Tsegumi. A na biyar ɗin na'ura ta ce an yi kuskure da yawa, a jira minti biyar.

Abin dariya, abin takaici, a cikin minti biyar ɗin nan ita da kanta ta koma taya shi tuno zagin da ya yi mata a rayuwa. Shugabar makaranta guda, mai jikoki biyu, tana ƙirgawa da yatsu.

"Akwai Maƙale Taga."

"Kai, na manta da wannan. Ranar da kanki ya maƙale a ƙarfen tagar Kaka."

"Kai ka ce in leƙa."

"Na ce ki leƙa, ban ce ki ƙaura ba."

Ta tuna masa da Gudun Akuya, daga ranar da wata akuya ta bi ta har cikin ɗaki. Ya ce akuyar ba da mugun nufi ta bi ta ba, ta ɗauka 'yarta ce ta ɓace. Ta ce shi kuma a ranar yana kan katanga yana kuka, sai da aka kawo tsani. Ya rantse bai yi kuka ba, addu'a yake yi mata da ƙarfi. Na ciji leɓe don kada in yi dariya, ban so su ga sun ci nasara a kaina.

Lokaci ya cika, ya zuba sababbin biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, wani da manyan baƙaƙe, wani da shekarar haihuwarta a ƙarshe. Babu wanda ya shiga. Wannan karon na'ura ta ce minti goma sha biyar, ta ƙara da gargaɗin cewa in aka sake, jiran awa guda ne. Agogo ya nuna uku da minti biyar. Ko an buɗe, ɗora sunaye da hotuna zai ci kusan rabin awa, in hanyar sadarwa ta yi kirki.

Ta bango muna jiyo 'yan aji shida suna bitar lissafi, su da ba su san abin da ake ciki ba. A nan na buɗe baki na ce ni ce na danna sabuntawar. Shugaba ta ɗaga mini hannu, ta ce ba yau ba. Sai ta jawo benci kusa da shi ta zauna, muryarta ta sauka.

"Ɗan Gwaggo, tsoro nake ji. Iyayen yaran nan ido da ido na kalle su na ce su kwantar da hankalinsu. In shekara ta wuce su, wasu ba za su dawo ba."

Tun da nake da su ban taɓa jin ta kira shi haka ba. Shi ma dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "'Yar Kawu, tuna mini ranar. Wace rana na kawo na'urar nan?"

Ta ce ai makon da aka ba ta shugabanci ne. Ya shigo da kwalin a kafaɗa yana haki, yana cewa an ba shi aikin jaki. Mahaifinta yana da rai lokacin, ya sa aka kawo shi don ya ga ofishin 'yarsa, ya zauna a kan wannan bencin da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Malamai suna ta shigowa gaisuwa, tsohon kuwa kallonta kawai yake yi. Shi kuma Sanƙo yana durƙushe a gefe yana haɗa wayoyi.

Ina kallonsa lokacin da abin ya faɗo masa. Hannunsa ya tafi kansa ya shafa, ya sake shafawa. Ya dubi allo, ya dubi ƙofa, kamar mai auna ko zai iya kaiwa da gudu.

"Na tuna," in ji shi. "Ku juya baya."

"A ofishina?"

"Sirri ne. Ƙa'idar aiki ce."

Ita fa ta san shi kamar tafin hannunta. A gefen akwatin da ake rubuta makullin akwai wani ɗan hoton ido, in aka danna shi sai baƙaƙen su fito fili maimakon ɗige-ɗige. Kafin ya ankara ta kai hannu ta kama linzamin kwamfutar, ta danna idon, ta riƙe gam. Ya ce ta rufa masa asiri, don girman zumunci. Ya ce zai gyara mata duk na'urorin makarantar har ƙarshen rayuwarsa. Ta ce wannan dama aikin bawa ne. Ya juyo gare ni neman ceto, ni kuwa na nuna masa agogo, uku da ashirin, jiran ya ƙare.

Ya ja dogon numfashi. Mutumin da yatsunsa goma ke gudu a kan madannai, yau da yatsa ɗaya ya rubuta, harafi bayan harafi, mu biyu muna karantawa ta saman kafaɗarsa.

GuntuwaTaFiMuDuka.

Ya danna. Akwatin ya ɓace, shafin hukumar ya buɗe, kalmar sirri ta cike kanta kamar ba a taɓa yin komai ba.

Ban tsaya kallon fuskar kowa ba. Na ture shi daga kujerar, na zauna na shiga ɗora sunaye, Shugaba tana karanto mini ina dubawa. Sau biyu hanyar sadarwa ta yi sanyi, sau biyu na ji kamar raina zai fita. Huɗu saura minti takwas takardar shaida ta fito daga na'urar bugawa da ɗuminta, arba'in da shida cif. Na ƙirga sau uku. Wallahi daɗin da na ji ban san inda zan sa kaina ba.

Sai a lokacin muka tuna da shi. Yana can bakin ƙofa yana ta kiciniyar zuge jakar da tuni a zuge take.

"Zo nan," in ji ta. "Me na gani ɗazu?"

"Ba ki ga ƙarshensa ba ne. Ta fi mu duka gajarta zan rubuta, wuri ya ƙare."

"Akwatin da ya ɗauki Maƙale Taga da shekarar haihuwata?"

Ya ce to wataƙila cuta ce ta shiga na'urar ta canja rubutun, ana samun haka. Ya ce ko kuma ranar zazzaɓi yake yi. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce laifin Kawu ne, yadda tsohon ya zauna yana kallonta ne ya sa shi ma ya ɗaga kai ya kalla, abin da ya zo masa ke nan, kuma shi tsarinsa ba ya ƙarya. Ya ɗauka har abada babu mai gani. Idonta ya ciko, ba ta ɓoye ba. Ta ce shekara bakwai tana buɗe na'urar nan kullum ba ta san da me take buɗewa ba, kuma ta ji daɗi ƙwarai.

Don ya tsere wa maganar sai ya koma aiki. Ya cire tsohon layin ya sa lambarta ta yanzu. Ya sa muka rubuta kalmar shafin hukumar da ta imel a takarda, muka liƙe a ambulan, muka kulle a kabad. Duk ta yarda. Sannan ya gyara zama ya ce saura abu biyu, a canja makullin tunda idon mutum uku ya gan shi, a kuma sake ɗaure ma'ajiyar ta riƙa buɗe kanta.

"Makullin yana nan yadda yake," in ji ta. "Kuma kada ka ɗaure. Ka bar ta ta riƙa tambayata kowace safiya."

"Kowace safiya?"

"Kowace safiya. Ranar da na manta kuma, in kira ka ka faɗa mini da bakinka."

Ya tsaya yana kallonta. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa mutum ya dafa teburi. Ya saɓa jakarsa a kafaɗa, ya ɗan rusuna.

"Na ji, uwar ɗakina. Amma don Allah in za ki kira, ki bari sai babu kowa a shago."