Karayar da ta Tsallake Tur'a

Raksha ce, babur mai ƙafa uku, ta goge ni a kasuwar Wad Haddad, gugar da ko jallabiyata ba ta yage ba. Amma da na ga direban yana kyarma, sai na kwanta ƙasa, na riƙe ƙafa ina salati. Kafin la'asar na naɗe ta da tsumma, na ari sanda, na kai ƙara wurin omda, mai garinmu, ina neman diyya. A raina har na zaɓi saniyar da zan saya.

Ranar sulhu mutum biyu suka tallabo ni, ina nishi mai ban tausayi. Kawun direban, dattijo mai ladabi, ya ce, "Ya omda, diyya za mu biya. Amma ba ma barin ɗan'uwa ya gurgunce. Ga basir mun zo da shi."

Basir ɗin nan, wato maɗori, ƙato ne, tafin hannunsa kamar faranti. Ya tattaɓa ƙaurina, ya girgiza kai. "Ƙashin ya fara haɗewa a karkace, sai an sake karya shi. Ku danne min shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bar sanda, na bar takalmi, na tsallake tur'a, magudanar ban ruwan da ko ina saurayi ban taɓa tsallakewa ba. Ina jiyo omda yana dariya har da tari.

Har yau in abin hawa ya taso, matata kan ja hannuna ta ce, "Malam, matsa gefe. Basir ɗin nan yana nan da ransa."