Rabin Kifin Tsoho Bi

"Da lafiyarka, Yeye? Ko hazo ne ya ɓatar da kai ka faɗo inda ake biyan kuɗi?"

Haka Haiyan ta tarbi kakanta a ƙofar gidan abincina, nan bakin tashar jiragen kamun kifi. Tsoho Bi marowaci ne na bugawa a jarida. Tun da na buɗe, bai taɓa sayen abin da ya wuce taliya ba. Ranar kuwa tun safe ake sauraron jirgin ɗansa Weidong, mahaifin Haiyan, ga hazo ya rufe teku, wayarsa ba ta shiga.

"Zuwa na yi in ciyar da ke, ko a samu mai ɗauka. Dube ki kamar busasshen jatan lande."

"Ni da samari ke layi? Kai ne ko ƙaguwa ta gan ka sai ta sake hanya."

Ya leƙa tankin gilashi ya nuna kifin da ya fi kowanne girma. Da na ɗora a sikeli ya tsare ni da ido kamar na taɓa cin amanarsa.

"Zazzage ruwan bakinsa tukuna, ban zo sayen teku ba."

"Yeye, wannan ai cin mutum uku ne."

"Ke kaɗai cikin mutum biyu gare ki."

Na turara shi da citta da albasa, na kai musu tebur na jikin taga. Tsinken cin abinci na mutum uku tsohon ya zaro.

"A wannan tsadar," in ji shi, "kamata ya yi kifin ya tashi ya gaishe ni."

"Kyauta aka ba ka shinkafa da miyar ganyen teku, har ka nemi ƙari," in ji Haiyan.

"Da ƙuruciyata irin wannan a ƙugiya nake sa shi in kamo uwarsa."

"Bara cewa ka yi kakarsa."

Baki na zuba, ido na kan taga. Sau nawa Haiyan ta duba waya ta kife ta, har suka cinye gefen sama, ƙaya ta bayyana. A garinmu ba a juya kifi a faranti, don juya shi kifar da jirgi ne. Ɗage ƙayar ake yi a ci na ƙasa. Hannun tsohon kuwa rawar tsufa yake, kullum Weidong ke ɗage masa.

"To, 'yar jami'a," ya ce, "ba ke kika ce mana camfi ne ba? Juya shi mana. Gefe biyu na saya."

"Camfi ne mana."

"Ga ki ga shi."

Ta sa tsinke ƙarƙashin kifin. Na tsaya da butar shayi a hannu. Tsohon ma ya daina tauna. Ta daɗe a haka, sannan ta janye hannunta a hankali.

"Ya yi nauyi ne."

"Ke da kike ɗaga kwano uku a zama ɗaya?"

"Na ce ya yi nauyi, Yeye." Ta miƙa hannu wajen farantin. "Kawo in ɗage maka ƙayar, kada ka kwana kana lissafin asara."

"Bar shi. Ba ki iya ba, kakkarya ta za ki yi."

"Kai ne za ka bar rabin kifi? Kai da mage ta daina bi, don ba ka rage mata komai?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya lallaɓa ya ciro naman kumatun kifin, wanda ko marigayiya matarsa bai taɓa bar wa ba, ya aza mata kan shinkafa.

"Kin ci ni yau, mummuna. Ci, kada ya huce."

Ta sunkuyar da kai tana ci tana share ido. Shi kuwa ya turo min farantin da hannu biyu, yana kaffa-kaffa kada ya karkace.

"Rufe wannan ki mayar kan wuta kaɗan-kaɗan. Yaron nan ba ya son kifi mai sanyi."