Tsufan Kanti

A layin dukawa na Kasuwar Kurmi akwai wani dattijo, Malam Jibo, wanda ya fi shekara arba'in yana aikin fata. Da sanyi ya kawo kai sai rigunan fata su yi ta sauka a rumfarsa, na masu babur da direbobin tirela da masu gadi. Shi kuwa kallo ɗaya yake yi wa riga ya gaya maka halinta. Ta fatar saniya, in ji shi, taurin kai gare ta tana sabuwa, amma in ta sha jiki ta sha mai sai ta yi laushi, ta yi duhu, ta kwanta a kafaɗar mai ita. Ta tunkiya 'yar gata ce, ga taushi ga kyau, sai dai shekara biyu gwiwar hannunta ta zazzago. Ta akuya ba ta ƙorafi, duk yadda ka yi da ita. Ta roba kuwa, wadda ake sayar wa bayin Allah da sunan fata, ba ta tsufa. Mutuwar fuju'a take yi, ka wayi gari tana zubar da ɓawo a kujerar mutane.

Ran nan da hantsi sai ga wata Hajiya Ladidi, matar wani darakta a ma'aikatar gwamnati, ta shigo rumfar tana waige-waige, rungume da baƙar leda. Bayan sun gaisa ta rage murya.

"Baba, rufin asiri na zo nema. Alhaji ne ya je kwas ƙasar Turawa, ya dawo da wannan tsumman rigar fata. Ko ɗaurin aure da ita yake zuwa. Har maƙwabciyata ta tambaye ni ko an sauke shi daga kujera ne. Ya tafi Abuja, sai Laraba zai dawo. Don Allah ka mai da ita mutum."

Malam Jibo ya warware rigar, ya ɗaga ta a haske. Fatar saniya ce mai kyan gaske, amma ta koɗe, kafaɗu duk ƙarzuwa, bakin aljihu ya yi fari fat. Sai dai wani abu ya ɗaure masa kai. Gwiwar hannun dama da ta hagu koɗewarsu iri ɗaya, kamar an auna. Wuyan ba alamar gumi. Shafin ciki kuwa sabo ƙal, har da ƙamshin kanti. Bai taɓa ganin rigar da ta sha wahala a waje ta huta a ciki ba. Amma da yake shi ba mai bin diddigin gidan mutane ba ne, ya ce, "Hajiya, ki dawo jibi."

Kwana biyu ya yi a kanta. Ya goge ta da tsumma mai ɗan danshi, ya bar ta ta sha iska a inuwa. Ya haɗa rini daidai launinta, ya bi kowane ƙarzo da ɗan tsinke. Ya shafe ta da man kaɗe, ya murza, ya sake murzawa har kafaɗarsa ta yi tsami. Da ya rataye ta, dukawan layin suka riƙa leƙowa suna cewa, "Kai, Malam Jibo, hannunka da albarka!" Hajiya ta zo ta karɓa, ta tafi tana ta sa masa albarka.

Ranar Alhamis, ana shirin azahar, sai ga wani mutum mai tumbi ya faɗo rumfar yana huci, rigar a hannunsa, Hajiya na biye da shi idonta ya yi ja. Darakta ne da kansa, Alhaji Sadisu.

"Kai ne baduku? Kai ne ka kashe min riga?"

Malam Jibo ya ajiye basillar hannunsa. "Ranka ya daɗe, ni dai a mace aka kawo min ita."

"A mace? Kai ka san yayi kuwa? Haka ake sayar da ita! A masana'anta ake tsufar da ita, da injin, da yashi, da ƙwararru. Tsohuwar ta fi sabuwar tsada nesa ba kusa ba. Manyan mutane kaɗai ke sa irinta. Ga shi ka mai da ita kamar ta kowane ɗan tasha!"

Mutane suka fara taruwa. Wani mai gadi da ke jiran ɗinkin tasa rigar, wadda ta shekara goma sha biyar a jikinsa, ya dube ta da sabon ido, ya gyara mata zama a cinyarsa.

Tun da Malam Jibo ya buɗe rumfar nan ba a taɓa tsaya masa a ka an ce ya ɓata aiki ba, yau ga shi a gaban 'yan layi. Ya ce, "Wato Alhaji, da gangan ka sayo tsufa?"

"Da gangan! Kuma wallahi ka dawo min da shi yadda yake, ko in sa 'yan sanda su rufe wannan rumfa yau ɗin nan. Ka san ko ni wane ne a gwamnati? Gaya min, kwana nawa zai ɗauke ka?"

Malam Jibo ya dubi rigar, ya dubi tumbin, ya ɗauki basillarsa ya ci gaba da ɗinki.

"Wannan ba aikin baduku ba ne, ranka ya daɗe. Sa abarka, ka zauna a kan albashinka kaɗai na wata uku. Kai da ita, sai an rasa wanda ya fi tsufa."