Turbon Akori-kurar Kaka

"…Lafiya lau, Tsoho. Ya gajiyar turin mota?"

"Wa ya ce miki tura ta aka yi? Da ƙafarta ta zo, amarya. Ke dai ki ce kewar mijinki ce ta fito da ke bakin ƙofa."

"Miji ko hayaƙi? Tun daga kwanar titi na hango ka, na zaci bola aka cinna wa wuta."

Kakan ya sauko daga akori-kurarsa yana dafe da ƙofa, jikarsa kuma tana tsaye a bakin gareji da tsumma a kafaɗa. Ita ce makanikiyar da dangi ke kira Injiniya, kuma ita kaɗai ce a duk zuri'ar take iya gaya wa tsohon magana ta zauna. Motar farar dizal ce, ta girmi Injiniya da shekara biyu. Da ita yake kai ruwa da dusa gonarsa da ke kan tudu kullum safiya. Makon nan sau uku tana gaza hawan tudun, tana wani kuka kamar usur, tana zubar da hayaƙi shuɗi. Jiya 'ya'yansa suka zauna suka yanke magana, Kawu ya kira Injiniya ya shaida mata: in ƙaramin abu ne a gyara, in kuwa injin ne ya mutu, a kira 'yan gwangwan su kwashe ta, tsoho ya zauna a gida. Abin da ta faɗa shi za a yi. Ita kuwa ta san ranar da aka raba shi da sitiyari, ranar zai fara tsufa da gaske.

"Buɗe min bonet."

"Ki yi mata sallama tukuna. Dattijuwa ba ta son mara kunya."

"Dattijuwar da ke tari kamar mai ita? Ta da ta, ka bar ta a tsaye. Kar ka taka totur."

"Ni za ki koya wa tuƙi? Ranar da na fara riƙe sitiyari, ko uwarki ba a yi tunanin haihuwarta ba."

"Shi ya sa har yau kake tuƙin zamanin da ba a yi birki ba."

Injin ya tashi. Ta kwance murfin baƙin mai, ta ɗora tafin hannunta a kan ramin. Injin da ya mutu ta nan yake huci, ya riƙa turo hannu yana tofar da mai. Ta daɗe a haka, kanta a sunkuye. Tsohon ya leƙo ta taga, zolayar ta ɗan sauka daga fuskarsa.

"Me kika ji? Ai ba ciki gare ta ba, da kike tausa ta haka."

"Yi shiru mana, bakinka ya fi salansa ƙara."

Babu huci, sai ɗan ɗumi. Ta sauke numfashi, amma ba ta bari ya gani ba. Ta sa ya kashe, ta jira ƙarfen ya huce, sannan ta kwance babban tiyon da ke shiga turbo, wato ƙarfen nan mai kamar katantanwa da ke dura wa inji iska don ya yi ƙarfi. Cikin tiyon jiƙe yake sharkaf da baƙin mai. Ta zura yatsa biyu ta kama farfelar ciki ta girgiza. Sai ga ta tana rawa, ƙwas-ƙwas, tana gogar bango.

"Zo ka taɓa."

Ya taɓa. "To, ai lafiyarta ƙalau. Motsi alamar rai ne."

"Haka haƙorinka na gaba ya yi ta motsi, yanzu yana ina? Turbo ya tafi, Tsoho. Man da ya kamata ya tsaya a cikinsa shi yake zubarwa, injin yana ƙonawa, shi ne hayaƙin."

"Injin fa?"

Ya yi tambayar a hankali, yana kallon taya.

"Injin yana nan da ransa."

Nan take murya ta dawo masa. "Ai na faɗa! Motar da ta ɗauko gadon auren uwarki, ta kai ta asibiti ranar da za a haifo min wannan masifar, ita ce za ta mutu don ɗan tudu?"

"Ruwa ba ya tsami banza. In ka hau tudun nan da tankin ruwa, me kake yi da ka isa?"

"In kashe mana. Dizal ruwan rijiya ne?"

"Nan take?"

"Kafin ma ta gama tsayawa. Ni ba almubazzari ba ne irin 'yan zamani."

Ta dafe kai. Ta kwance siririn bututun da ke kai wa turbo mai, ta hura, iska ta ƙi wucewa. Ta buga shi a kan benci, baƙin gari ya zubo kamar gawayi.

"Ka gani? Turbo yana ɗaukar zafi kamar wuta in an hau tudu. Ka kashe shi da zafinsa, man ciki ya soye, ya toshe hanya. Kai ka kashe shi da rowarka. Minti uku kawai take roƙo ta huce, ka hana ta."

"Minti uku! Ko ke da nake aure ban taɓa jiran ki minti uku ba."

"Shi ya sa nake neman wani mijin."

"Wa zai kwashe ki? Mace da baƙin mai har gwiwar hannu, sai ni da na rufa miki asiri."

Ta kira Kawu ta gaya masa turbo ne. Kafin azahar aka kawo sabo a kwali, da sabon bututu. Aikin ya ci ta. Notocin da ke riƙe da tsohon turbon sun yi tsatsa sun manne, ɗaya ya kusa karyewa a hannunta, sai da ta jiƙa shi ta jira, ta sake lallaɓa shi. Tsohon yana zaune a kan tsohuwar taya yana ba da umarni.

"Hagu ake kwancewa."

"Na sani."

"Ki sa ƙarfi mana. Me kike ci ne a gidan nan?"

"Abin da mijina ke kawowa: surutu."

Ta ɗaura sabon, ta zuba masa mai a makogwaro da hannunta, ta juya farfelar da yatsa har man ya ratsa. Ta canja baƙin man injin gaba ɗaya, ta mayar da tiyo. Abu ɗaya ya rage. A gaban motar akwai ƙaramin lagireto da iskar turbo ke bi ta ciki ta huce kafin ta shiga inji, kuma duk man da tsohon turbon ya yi makonni yana zubarwa a can yake taruwa. Ta zare makullin ta jefa a aljihun rigar aikinta.

"Saurara, Tsoho, wannan ba wasa ba ne. Zan ɗauko kwano in kwance lagireton nan in wanke. Kafin nan kada ka ta da motar."

"Da me zan ta da ta, da tsaki? Makulli yana aljihunki."

"Na san halinka."

"Amarya mai zargi. Je ki, ina nan kamar dutse."

Tana bayan gareji tana neman kwano ta ji injin ya tashi. Kwanon ya suɓuce mata. Ashe shekara da shekaru yana da wani makullin da yake ɓoyewa a naɗin hularsa, ba wanda ya sani. Ta ji ya taka totur sau ɗaya, sau biyu, don ya ji muryar sabon turbo. A na uku injin bai sauko ba. Ƙara ta yi sama, ta ƙara sama, ta zama ihu. Sabon turbon ya kwashi tsohon man da ke kwance a lagireto ya dura wa injin, injin dizal kuwa in ya sami mai ta hanyar iska ba ya tambayar makulli, sha yake yi yana gudu har ya tarwatse.

Ta fito da gudu. Farin hayaƙi ya cika garejin, ko bango ba a gani.

"Kashe! Kashe ta!"

"Na kashe! Ga makullin a hannuna!"

Ya ɗaga shi ta taga. Ta juya tana laluben katakon da za ta toshe bakin iska da shi, amma tiyon a ɗaure yake, kafin ta kwance an gama. Ta ji ƙarfe ya fara wata kaɗawa da ba ta so. Gaban motar bango ne, taku biyar.

"Fito daga ciki, Kaka! Bar ta!"

Bai fito ba. Ta ga ya ja birkin hannu har ƙarshe, ya taka kuloci, ya tura giya ta biyar, ya danne birki da duk abin da ya rage masa na ƙarfi, sannan ya zare ƙafarsa ta hagu gaba ɗaya. Motar ta zabura kamar an soke ta, ta yi tsalle taku ɗaya, tayoyin suka yi ƙara a siminti, ta yi shiru.

Sai ƙaurin kuloci da tarin mutum biyu. Ta buɗe ƙofar, ta riƙe hannunsa. Hularsa ta faɗi a kan kujera, goshinsa duk zufa.

Shi ya fara. "Da tsohuwar zuma ake magani."

"Tsohuwar zumar ce ta kawo ciwon!" in ji ta. "Da ta tarwatse fa? Da ƙarfe ya fito ya same ka? Me zan gaya wa Mama?"

"Ki ce mata kin zama bazawara."

"Kar ka yi min wasa yanzu."

Ya ɗauki hularsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Na kashe ta, ko?"

"Ban sani ba."

"In na kashe ta, ki ce wa kawunki dama can a mace take."

"Ba zan yi masa ƙarya ba. Da safe na ce injin lafiya, in yanzu ya mutu, zan faɗi wanda ya kashe shi."

"Matar kirki tana rufa wa mijinta asiri."

"Mijin kirki ba ya ɓoye makulli a hula. Kawo shi nan."

Ya miƙa mata kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ta kwance lagireton, ta karkata shi, ragowar baƙin mai ya kwararo har ya rufe gindin kwano. Ta wanke shi sau uku, ta wanke tiyo ɗaya bayan ɗaya, ta jingina su a rana. Awa guda suna jiran su bushe. Tsohon da bai taɓa iya zama shiru ba ya zauna a kan tayarsa, yana juya hularsa a hannu. Sau ɗaya ya ce, "Sauri ya haifi nawa," ita kuma ta ce, "Yau ka sani?"

Da ta mayar da komai, ita ta shiga mazaunin direba. Ta sa katako kusa da hannunsa, ta sassauta tiyon iska, ta nuna masa inda zai toshe in abin ya sake. Ta yi bisimilla ta murɗa makulli.

Injin ya yi tari biyu, ya kama. Ya tsaya daidai, dum-dum-dum, ba hawa ba sauka. Ta fito ta kasa kunne a gefensa, tana neman bugun da ke nuna wani ƙarfe ya lanƙwashe a ciki. Ta zagaya ɗaya gefen, ta sake saurara. Hayaƙin salansa ya yi ta raguwa har ya zama iska. Ta taka totur kaɗan, turbon ya yi siririn fito mai daɗi, ta saki, injin ya sauko da kansa.

"To?" in ji shi. "Faɗi mana, kin bar ni a tsaye kamar mai jiran alƙali."

"Ta fi ka taurin rai. Kulocin dai ya ji jiki, amma zai kai ka."

Ya jingina da motar, ya rufe ido, leɓensa na motsi. Da ya buɗe, sai ga tsohon halin ya dawo, amma da sanyi.

"Ai dama na san hannun matata. Gwada ki kawai na yi."

"Gwaji ko? Bari in kira Kawu in gaya masa sakamakon gwajin."

"Haba, amarya! Tsakanin miji da mata sai Allah."

"Zan gaya masa duka. Amma zan fara da cewa injin lafiya, kuma ƙafarka ce ta cece shi. Sauran ka kare kanka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya jawo wani ƙunshin tsumma, ya warware. Tsohuwar sufana ce, ta yi sulɓi don riƙo, wadda ko 'ya'yansa bai taɓa yarda su ara ba. Ya ɗora mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

"Karɓi. Na sallama, kin fi ni. Amma in kika gaya wa wani na faɗi haka, na sake ki."