Takardar Koken da Ta Ƙi Tafiya

Ko tsufa zai kwashe min tunani kaf, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Kura ba, ranar da takarda mai shafi huɗu ta kunyata ni a gaban mutanen da na saba yi wa wa'azi.

A lokacin ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani ta layinmu. Ba don na fi kowa hankali aka ba ni ba, ni kaɗai ne mai laftof (wata tsohuwa ce da batirinta ya mutu tun kafin ta zo hannuna, wuta na ɗaukewa ita ma take sallama). Amma zo ka ga yadda nake rataya jakarta ina ratsa gonaki. Ko sannu aka yi min, da Turanci nake amsawa.

A ranin nan ruwa ya daina isa ƙarshen layi. Tsarinmu kuwa kowa ya san shi: kowane ɓangare da ranarsa, Talata ta mutanen ƙarshe ce, kuma haramun ne wani ya jefa tiyon inji a kanal, wato magudanar ruwan, ranar da ba tasa ba. Ni nake karanta dokar nan a kowane taro, har da kaɗa yatsa. Wanda abin ya fi ci shi ne Malam Isiyaku, dattijon da gonarsa ce ta ƙarshe. Tumatirinsa ya yi fure, furen kuma yana ta kakkaɓewa saboda ƙishi. Sai shugabanmu Alhaji Sabo ya ce in rubuta koke zuwa ofishin da ke kula da ruwan, in sa hotuna, in tura ta imel kafin Juma'a. In aka wuce Juma'a, injiniyoyi ba za su sa layinmu a zagayensu ba, tumatirin Malam Isiyaku kuma ba zai jira wani zagayen ba.

Na zauna na zuba rubutu. Na kira masu laifin marasa tsoron Allah, na kira su ɓarayin ruwa, na nemi a hukunta su ba sani ba sabo. Na jera hotuna goma sha biyu daga wayata, kowanne da bayani a ƙasa. Wanda ya fi kyau na rubuta masa: "Yadda kanal ya tsotse ranar Talata." Sai dai akwai wani abu a gefen hoton nan da bai shafi ofis ba (ku yi haƙuri, za mu zo wajen). Na ja gefen hoton a cikin takardar na yanke shi, abin ya ɓace, na sauke ajiyar zuciya.

Na danna tura, takarda ta ƙi tafiya. Wai ta yi nauyi. Na duba, megabait tamanin da wani abu! Shafi huɗu fa, jama'a. Na rage girman haruffa ko za ta saki jiki (eh, na yi, ba sai kun tambaya ba). Na cire gaisuwa, na cire "wassalam". Ko gezau.

Da na leƙa inda nake ajiye fayiloli, sai na ga wasu baƙin fayiloli dusu-dusu da ban san da su ba. Wasu sunansu irin na takardata, amma da wata lanƙwasa da alamar dala a gaba, wasu kuma lambobi ne kawai marasa kan gado. Na goge su duka, na buɗe takardar, sai ga guda ya dawo. Nan take na kira Alhaji Sabo.

"Alhaji, an yi mana aike. Bairos ne, cutar kwamfuta, har haihuwa yake. Mutanen saman layi ne ba sa son koken nan ya fita."

"La'ilaha illallahu! Har cikin na'ura suke bin mu?"

"Ai ba ka san su ba, Alhaji," in ji ni, ina girgiza kai irin na wanda ya ga duniya.

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji ya ce wasa ya ƙare. Ya ɗebo ni, da Malam Isiyaku, da wasu manoma biyu, sai shagon Madam Rahila, wata 'yar Filato mai buga takardu a bakin titi. Tun a ƙofa na fara yi mata bayanin bairos, don kada a ce ita ta gano.

Ta duba kamar minti ɗaya, ta ce, "Oga Sakatare, wannan ba bairos ba ne. Duk sanda ka buɗe takarda, kwamfuta tana yin ƙananan fayiloli na wucin gadi, in ka rufe ta share abinta. Taka tana mutuwa ana tsakiyar aiki, shi ya sa suke zama. Ba su da ko nauyi."

Alhaji ya juyo ya dube ni. Na ce, "To, dama akwai irin wannan bairos ɗin ma."

"Nauyin daga hotuna yake," ta ci gaba. "Yadda suka fito daga waya haka ka zuba su. Kuma wanda ka yanke bai yanku ba, ɓoye gefen kawai ta yi, yana nan cikin takardar. Baba, ku matso in nuna muku."

Wallahi na ji maganar, amma kafin ta isa ƙwaƙwalwata Madam ta riga ta juya musu fuskar laftof ta danna. Hoton ya buɗe gaba ɗayansa. Ga kanal a tsotse, ga bayanin Talata a ƙasa da hannuna. A gefe kuma ga injin ban-ruwa yana aiki, tiyonsa tsundum cikin kanal, ɗaya bakin yana kwarara cikin albasata.

Kowa a wajenmu yana rubuta sunansa da fenti a jikin injinsa saboda ɓarayi. Ni da yake suna bai ishe ni ba, muƙamina na rubuta, da jan fenti, manyan baƙaƙe: SAKATARE. (A ranar na ce wa kaina kurɓi ɗaya zan ba albasar. Kurɓin ya kai daga hantsi har azahar.)

Gumi ya keto min har cikin takalmi. Malam Isiyaku ya matso da fuskarsa kusa, ya ce, "'Yata, ɗan ƙara min girmansa." Ta ƙara.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Wataƙila bairos ɗin ne ya…"

"Oga, bairos ba ya shafa fenti," in ji Madam.

Manoman nan biyu suka fita waje don su yi dariyarsu a tsanake. Malam Isiyaku bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Sakatare, ranar nan da la'asar ka zo gonata, ka tsaya kana salati, ka ce Allah ya isa tsakaninka da wanda ya yi min haka. Ni kuma na ce amin."

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba.

Madam ta matse hotunan, takarda ta koma 'yar mitsitsiya. Ta tambayi Alhaji ko ta yanke gefen nan yankewa ta gaske. Alhaji ya ce, "A'a, a bar shi. Ai Sakatare ne ya nemi a hukunta su ba sani ba sabo." Ya sa ni na danna tura da yatsana. Takardar da ta kwana uku tana gardama ta tafi kafin in ƙifta ido.

Injiniyoyi sun zo, an gyara ƙofar ruwan kanal da ashe ita ma ta lalace, ni kuma aka hana ni ranata sau biyu. Ruwa ya isa ƙarshen layi, Malam Isiyaku ya tsira da kamar rabin tumatirinsa.

Darasi? Mutumin kirki zai ce kada ka taɓa ruwan wani. Na koyi wannan, amma gaskiya shi ya zo na biyu. Na farko shi ne, kafin ka kai laftof wajen gyara da shaidu huɗu, ka tabbata ka san abin da ya yi mata nauyi. Har yau in na haɗu da Malam Isiyaku a bakin kanal, yakan amsa sallamata da kyau, sannan ya ce, "Sakatare, ya albasa?" Bai taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba, ni kuma ban taɓa iya amsawa ina kallon idonsa ba.