Yadda Na Wanke Mai-Lambu

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da muka je suna Lyon ni da Baba Ilu ba. Da magana tana komawa ciki bayan ta fita, da na haɗiye wadda na yi ranar, har da 'yan uwanta da na shafe shekaru ina yi kafin ita. Yanzu furfura ta gama cin kaina, ba abin da zan ɓoye. Laifin nawa ne, kuma ba wani babban abu ya ja ni ba, kujerar gaba ce da kofin shayi na farko.

A shekarun casa'in ina zaune a fuwaye a Montreuil, wato gidan ma'aikata baƙi, ina aikin dako a kasuwar Rungis, ɓangaren kifi. Karatuna aji huɗu ne na lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, daga nan aka mai da ni gona. Faransancina na kasuwa ne: ɗauko, ajiye, yi sauri, kauce. Amma a cikin dattawan Hausawan gidan ni ake kira ɗan lakwal, ni kuwa ban taɓa cewa a'a ba.

A ɗakin taro na ƙasa akwai tele guda, kuma kowace Lahadi da yamma ana nuna wani wasa mai dogon zango. Wata attajira ce aka tsinci gawarta a rijiyar gidanta a wani ƙauye, sai wani kwamishinan 'yan sanda mai ƙaton hanci ya zo bincike. Shekara ta zagayo yana bincike, wata ta zagayo yana bincike, mutanen gidan suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi yana ta shan taba yana kallon taga. Duk Faransa ta kamu da son wasan. A kasuwa ma, matar da nake yi wa dako ba ta da zancen Litinin sai wa ya kashe matar.

Baba Ilu shi ne babbanmu. Mutumin Damagaram ne, ya tsufa yana sharar titunan Paris, amma Faransanci bai zauna masa ba, don abokan aikinsa duk 'yan Mali ne (Bambaranci kam yana ji kamar a Bamako aka haife shi). Ranar farko da muka zauna kallo, wani tsoho mai kula da furannin gidan attajirar ya yi wata magana ƙasa-ƙasa. Baba ya juyo ya ce, "Ɗan lakwal, me ya ce?"

Wallahi ban ji ko kalma ɗaya ba. Faransancin tele gudu yake kamar an biyo shi. Amma idanu duk suna kaina. Sai na gyara murya na ce, "Cewa ya yi, shekara da shekaru yana wahala a gidan nan, ba wanda ya taɓa ce masa sannu."

Baba ya girgiza kai, ya ce, "Allah sarki, bawan Allah. Ku ba tafinta kujera ya matso gaba."

Daga ranar na zama Tafinta, ni ake fara miƙa wa shayi, tsohon mai furannin kuma muka sa masa Mai-Lambu. Sauran 'yan wasan ina ɗan lalubo zancensu daga fuska da 'yan kalmomin da na kama. Amma Mai-Lambu ba ya ɗaga murya, kullum gunguni yake ƙarƙashin hula, don haka ni na riƙa yi masa baki. Na ba shi mata da 'ya'ya a wani ƙauye mai nisa. Na ba shi ciwon baya. Na sa shi yana cewa haƙuri maganin zaman duniya. Wata rana aka nuno shi yana haƙa rami bayan gida yana waige-waige, Baba ya ce me yake yi, na ce kare ne ya mutu masa, yana binne shi a ɓoye don kada a ga hawayensa. Baba ya share nasa hawayen da gefen rawani.

(Akwai samarin gidan da suke jin Faransanci sosai, amma su ƙwallo ce ta dame su. Ɗaya ya taɓa tsayawa bakin ƙofa ya saurare ni, ya ce, "Tafinta, ka ji tsoron Allah," ya wuce. Na ɗauka wasa yake.)

Baba ya ɗauki Mai-Lambu kamar ɗan uwansa na jini. In kwamishina ya tsare shi da tambaya, Baba zai nuna tele da sanda ya ce, "Ga likita can, ga lauya can, ba ka gan su ba sai talaka?" Ni kuma in ƙara gishiri.

Sai aka sanar cewa wasa zai ƙare, Lahadi mai zuwa za a faɗi mai kisan. A makon ne kuma aka yi wa Lawali haihuwa a Lyon. Lawali ɗan ƙanin Baba ne, Baba ya riƙe shi tun yana ƙarami, yana karatun dakta na kimiyya a Villeurbanne, shi da matarsa Hadiza. Suna ya faɗo ranar Lahadin. Baba ya ce ba zai ƙi zuwa sunan jikansa ba, ba kuma zai bar Mai-Lambu shi kaɗai ranar shari'a ba, don haka Tafinta ya shirya, tare za a tafi. Ni da wautata har murna na yi, na ce zan hau jirgin ƙasa mai gudun nan kyauta. Ban tsaya na tuna irin mutanen da za su cika ɗakin ba.

Da safe aka raɗa wa yaro suna Iliyasu, sunan Baba. Baba ya yi ta sa albarka, bakinsa har kunne. Ɗakin Lawali ƙarami ne, ya cika da ɗalibai 'yan Nijar, masu karatun injiniya da na likita, suna zuba Faransanci kamar ruwan famfo. Tun nan na koma gefe na lafe. Da yamma ta yi aka kunna tele, kowa ya nemi wuri, har Hadiza ta fito da jariri a kafaɗa. Baba ya buga kujerar kusa da shi ya ce, "Tafinta, zo nan. Yara, ku yi shiru ku ji yadda ake fassara."

Kwamishina ya tara mutanen gidan a falo. Ya zaga, ya zaga, ya wuce likita, ya wuce lauya, ya tsaya gaban Mai-Lambu. Sai mutumin nan, wanda shekara da shekaru ban taɓa jin muryarsa sosai ba, ya cire hula, ya miƙe tsaye, ya yi magana tar-tar, a hankali, har ni na gane. Cewa yake shi ne. Shi ya kashe matar, shi ya kashe sauran, kuma ba ya nadama. Don kada a bar ni da mafita, sai aka nuno shi a hoto baƙi da fari yana tura ta cikin rijiya da hannunsa biyu.

Ɗakin ya kaure. Wani ɗalibi ya yi tsalle yana cewa shi dama ya faɗa tun bara. Wani ya ce ƙarya ne, wasan banza, an raina musu hankali, ta yaya tsoho mai ɗingishi zai hau bene ya sauko ba a ji shi ba. Hadiza ta ce ita likitan take so a kama, don idonsa bai yi mata ba. Baba kuwa ni yake kallo.

"Me ya ce?"

Jama'a, nan ne wurin da ya kamata in ce, Baba, ka yafe mini. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya ɗauki laifin ne don ya rufa wa 'yar attajirar asiri. Ya ce shi tsoho ne, gara a ɗaure shi a bar yarinya."

"To wannan hoton rijiyar fa?"

"Wannan tunanin kwamishina ne ake nunawa."

Ɗalibai suka dubi juna. Wani ɗalibi ya toshe baki da hula ya fita baranda, muna jin dariyarsa ta gilashi. Lawali ya matso ya durƙusa, cikin ladabi ya ce, "Baba, ba haka ya ce ba. Shi ya kashe su duka. Ramin nan ma da ya haƙa, ba kare ya binne ba, direban gidan ne."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Kai Lawali, yaushe ka san mutumin nan? Mu shekara nawa muna tare da shi? Ka san yana da ciwon baya? Ka san 'ya'yansa nawa a ƙauye?"

"Baba, ai ba shi da 'ya'ya."

"Ka ji! Har 'ya'yansa kun kashe masa. Tafinta, gaya masa."

Na dubi Lawali, na dubi ɗalibai. Na ce, "To, ai Faransanci iri-iri ne. Akwai na littafi, akwai na manya."

Har yau in na tuna wannan magana sai in ja bargo in rufe fuska, ko da rana ce.

Baba ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Ya ce bai sha sanyin Paris yana tura yaro lakwal don ya zo ya ƙaryata shi gaban baƙi ba, kuma ya taya Nasara yi wa talaka sharri. Hadiza ta biyo shi da kwanon naman suna tana "Baba, don Allah," bai waiwaya ba. Ni na bi shi a baya kamar akuyar da aka sayar.

A jirgi ma zancen ke nan. Wata mata a gabanmu tana faɗa wa mijinta an cuce ta shekarunta, wani saurayi yana cewa ƙarshen ya yi daidai, mutane ne ba sa kallon masu aiki. Baba ya zungure ni, kamar kullum. "Me suke cewa?"

Na yi ta maza. Na ce, "Baba, suna cewa Mai-Lambu ne ya yi kisan. Kuma gaskiyarsu. Lawali ma gaskiya ya faɗa. Ni ne maƙaryacin. Ban taɓa jin abin da mutumin nan yake cewa ba. Matar, da 'ya'yan, da ciwon bayan, da karen, duk ni na ƙirƙira."

Ya daɗe yana kallona. Na sunkuyar da kai ina jiran sanda. Sai ya ce, a hankali, "Har kai, Tafinta? Shinkafar Hadiza faranti ɗaya ta juya ka?"

Na rantse, na sake rantsewa. Ya ce in daina saɓo. Ya ce shi ba da kunne ya san Mai-Lambu ba, da fuska ya san shi, kuma fuskar mai haƙuri ba ta ɓuya. Muna isa Montreuil ya sa aka janye mini kujera. Shekaru ina ƙarya ina shan shayin farko, rana ɗaya na faɗi gaskiya aka kore ni daga aiki.

Korar ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Baba ya daina karɓar wayar Lawali. In an kira shi a wayar gidan sai ya ce a ce ba ya nan, alhali ga muryarsa ana ji. Ga shi ya kusa ajiye aiki ya koma Damagaram gaba ɗaya. Na ga tsoho zai tafi gida yana fushi da ɗan da ya riƙe, bai ƙara ganin takwaransa ba, duk saboda wani mai furanni da babu shi a duniya, da kuma bakina.

Na sayi katin waya na shiga rumfar waya ta bakin titi, na kira Lawali na zayyana masa komai tun daga ranar farko. Ya yi dariya har katin ya kusa ƙarewa. Da ya nutsu ya ce, "To Malam, yanzu yaya za a yi? Ka gaya masa gaskiya ya ƙi." Na ce ni dai dabarata ta ƙare. Ya ce shi ke nan, zai zo.

Suka zo wata Asabar, shi da Hadiza da jariri. Lawali ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Baba, mutumin da ya kusa zama daktan kimiyya, ya ce, "Baba, na sake tunani. Mai yiwuwa sharri aka yi wa bawan Allah nan."

Baba ya ce, "Mai yiwuwa?"

"Sharri aka yi masa, Baba."

"Yauwa. Yanzu ka yi karatu."

Ya karɓi jariri ya ɗora a cinya. Kun san al'ada, yaron da ya ci sunan babba iyayensa ba sa kiran sunan, sai an nema masa laƙabi. Baba ya tambaya me suke kiransa, Hadiza ta ce ba su tsayar ba tukuna. Baba ya shafa kan yaro ya ce, "To na tsayar muku. Mai-Lambu. Allah ya ba shi haƙurin mai laƙabin da amanarsa."

Kowa ya ce amin, don ba yadda za a yi. Hadiza ta ɗago ta yi mini wani kallo wanda har yau ina jin zafinsa a gefen wuyana.

Baba ya koma gida da farin ciki, can ya rasu, Allah ya jiƙansa. Laƙabi kuwa ya bi yaro. Yanzu magidanci ne da 'ya'yansa, kuma daga Lyon har Damagaram ba mai kiransa Iliyasu. Da sallar da ta wuce ya kira ni gaisuwa, ya ce, "Baba Tafinta, wai wane ne Mai-Lambun nan da aka sa mini? An ce kai ka fi kowa saninsa."

Na buɗe baki, na ji tsohon halin yana tasowa, har na fara hango masa mata da 'ya'ya a ƙauye. Sai na ce, "Ɗana, tambayi babanka, shi ya yi karatu."

Don haka ina roƙonku, ku da kuke karanta wannan, in babba ya juyo ya ce muku "me ya ce?" alhali ba ku ji ba, ku ce ba ku ji ba. Kujerar baya ma kujera ce, shayi na biyu ma yana da zaƙi. Kada ku yi irin tawa, ku wanke mai kisan kai tas har a sa wa jariri sunansa.